Abin da Kamara Ta Gani a Ɗakin Tsoho Nomau

Ku samarin da kuke zama bakin shagona a Madawa, kuna cajin salula kuna cewa aikin bidiyo ai danna jan maɓalli ne, da ku nake. Ban yi karatun lakwal mai nisa ba, don haka kada ku nemi daɗin rubutu a nan. Abin da na sani zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Aikin farko da na fita wani biki ne a Azarori, kuma ba kamara na riƙa ba, fitila na riƙa. Maigidana Ibro, Allah ya jiƙansa, yana da wata kamara ta kaset mai nauyin ɗan akuya, a kafaɗa ake ɗora ta. Da an kira magariba ta makance. Sai an tada gurup, injin ba da wuta, an ja waya, ni kuma in bi bayansa da ƙatuwar ampul a kan sanda, hannu sama har kafaɗata ta sage. Ƙwari su cika maka baki, amarya ta runtse ido kamar an watsa mata barkono, tsofaffi su yi ta zagi. Haka na yi shekaru kafin ya bar ni in taɓa zoben gilashi, wanda ake murɗawa hoto ya fito tas. Yakan tsayar da ni a tsakar gidansa, ya toshe wurin leƙawa da babban yatsa, ya ce, "Ga jaki can bakin rumbu. Murɗa." In murɗa a makance. Ya ɗauke yatsa ya leƙa. In jakin ya fito dishi-dishi in sha ranƙwashi. "Hannunka shi san tazara tun idonka bai gani ba," in ji shi. A lokacin mugunta na ɗauke ta.

Wagga da kuke gani cikin jaka, wadda kowannenku ke son in ba shi ya taɓa, sai da na rabu da bijimin huɗata kafin ta shigo hannuna. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya kawo mini ita, ta hannu. Ba ta da madubi a ciki irin na manyan kamarorin hoto na da, shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma abin da ka gani a allonta shi za ka samu. Amma ba don wannan na saye ta ba. A cikinta akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, masu gyara na ce masa kapter. Na salularku bai wuce ƙwayar wake ba. Nata ya kusa kwalin ashana. Ku ajiye murfin kwalba da faffaɗan kwano a cikin yayyafi, ku ga wanda zai tara ruwa. Sirrin ke nan, babu wani. Inda idonka ke ganin duhu, ita tana ganin mutum, da launin rigarsa, har da ɗinkin hularsa.

Wannan shi masu sayarwa ke faɗa. Sauran sai ka shiga aiki. In kana son ta sha haske sosai, dole ka buɗe bakin gilashin har ƙarshe. Da ka buɗe shi haka, wurin da ke fitowa tas bai wuce kaurin tafin hannu ba. Hancin mutum tas, kunnensa hazo, wanda ke zaune bayansa kuwa ya koma fatalwa. Tana da wani ɗan koren akwati da ke bin idon mutum da kansa yana daidaita hoto. Da rana abin sha'awa ne. Cikin duhu sai ya ruɗe, ya yi ta kai da kawowa kamar akuyar da ta ɓatar da ɗanta. A wani suna a Buza, da asuba, ya bar fuskar liman ya kama idon ragon suna, har anka shafa fatiha rago nake ɗauka. In ka matsa mata ta ƙara gani fiye da ƙarfinta, hoton ya cika da tsaki. Batir take ci kamar ɗan yaye. Ampul ɗin pano, masu aiki da hasken rana, masu arha da sunka cika ƙauyukanmu ba ta shiri da wasunsu, sai ka ga baƙaƙen layuka na gudu a fuskar mutane. In ka cire gilashi don ka sauya wani, farantin nan tsirara yake, ba abin da ya tare shi. Ƙaiƙayi ɗaya ya faɗa mata wurin sussuka a Keita, na yi wata guda kowa na ɗauka da baƙin ɗigo a goshi, kuma mai buɗe ta ya gyara sai Yamai ko Kano.

Uwa uba, zafi. Waɗanda sunka ƙera ta ba su san bazarar Adar ba. In ta daɗe tana ɗauka sai wata ƴar alama ruwan ɗorawa ta fito a kusurwa. Daga nan ta koma ja. Daga ja sai ta kashe kanta, ko Sarki ne ke magana, kuma ba ta tashi sai ta huce don kanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani biki a Sabon Gida shi ya kawo mini shekarar da ba na son tunawa. Wan amarya na Aljeriya, ya ce a ɗaukar masa komai ya gani. Bayan isha mata na rawa a cikin gida, ampul ɗaya ce can a jikin bango, kamar ta mutu. Ni kuwa sabuwar kamara, ina taƙama ba na bukatar fitila. Na tsaya gefen zaure na ɗauka. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne, fitilar nan da na yi shekaru ina ɗagawa ita ce sallamar mai bidiyo. In mata sun ga ta taso, mai gyara mayafi ta gyara, mai gudu ta gudu. Inda ba fitila, sun san ba hoto. Ranar ba su ga fitila ba. Manyan mata sunka shiga fili, mayafi a ƙugu, har da matar ladan, wadda ko muryarta maƙwabta ba su sani ba. Kamara ta kwashe su tas kamar da hantsi. Na ba mai aiki aikinsa, shi kuma ya raba wa abokai, kafin kasuwa ta zagayo bidiyon na cikin kowace salula. Matar ladan sai da ta yi makonni a gidan ubanta kafin manya su sa baki. Wanda ya watsa yana can ƙetare ba wanda ya zage shi. Ni da ke kusa ni na sha. Daga Sabon Gida har Azarori magana ɗaya ce: kamarar Salifu ba ta da kunya. Shekarar kuma albasa ta faɗi, bukukuwa sunka yi ƙaranci, ƴan kaɗan da anka yi ku anka kira da salularku, don ku in duhu ya yi ba ku ganin komai, kowa ya huta. Na koma ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da cajin waya.

A cikin wannan hali wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a bakin shagona, tsakiyar bazara, ya ce sunansa Rabe daga Deule.

"Kai ne Salifu mai bidiyo?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kamararka na gani cikin duhu."

"An ce kuma ba ta da kunya. Dut ka ji?"

"Dut na ji," ya ce. "Wanga aiki marar kunya shika so."

Ya zauna ya warware mini. Wansa, Tsoho Nomau, yana kwance, ƙarfi ya ƙare, kuma ciwon ido ya kama shi har ko hasken ashana ba ya jurewa. Yana da ɗiya maza biyu: Aliyo babba yana Abijan, Isufu ƙarami yana Libiya. Dukansu sun yi shekaru suna aiko abin da sunka samu gida. A cikin shekarun nan tsohon ya sayi wata garkar albasa a fadama, mai rijiya, wadda ita ce ran gidan. Kowannensu na cewa da guminsa anka saye ta. Wanda ya san gaskiya mutum ɗaya ne, kuma yana bakin tafiya. Yanzu ya ce zai faɗa.

Na ce, "To ai kai ka isa shaida. Ko ku ɗauki muryarsa a waya."

Ya girgiza kai. "Ɗiyata Haule ita ce matar Aliyo. Ko na dafa Alƙur'ani Isufu cewa zai yi surukina nike kare wa. Murya kuwa ya ce ana kwaikwayo. Ya ce sai ya ga huskar tsoho shina faɗi, kuma kada a yanka bidiyon ko sau guda, in an yanka an yi coge. In maganar ga ba ta kai musu ba, mai hoto, yaran ga kotu za su, ko abin da ya hi kotu muni."

Washegari na ɗaure jaka a bayan moto, babur ɗina. Kun san hanyar Deule, duwatsu da rana. Kafin in isa, in ka taɓa kamarar kamar ka taɓa murfin tukunya. Na ce wa Rabe a bari sai la'asar ta huce. Ya ce ba hali, yanzu ne hankalin tsohon ke tare da shi, da rana ta karkata zazzaɓi ke ɗauke shi ya yi ta kiran matattu. Liman da za a kira ya tafi jana'iza wani ƙauye. Na ajiye ta a gindin randa na ɗan lokaci, ina taɓawa ina sake taɓawa, Rabe na tsaye a kaina yana gyaran murya. Ba ta gama hucewa ba na ɗauka.

Ɗakin laka ne, an saki asabari a ƙofa, an toshe taga da tsumma. Da na shiga ban ga ko tafin hannuna ba. Hasken da ke akwai shi ne wanda ke lallaɓowa ta ƙarƙashin asabari, da wani ɗan tsage a gefen tagar. Na ce ko za a ɗaga asabarin kaɗan, ko da faɗin hannu.

Wata murya ta fito daga duhu: "Wa ka son kashe ni tun kwanana bai ƙare ba?"

Shi ke nan maganar haske. Ko allon kamarar sai da na rufe, don shi ma ya ce yana sukar idonsa. Salulata an riga an karɓe ta a waje saboda haka. Na durƙusa kusa da gadon, na kafa gwiwar hannu a cinya, na buɗe bakin gilashi har ƙarshe, na sa ido a wurin leƙawa. Ni da na san ta, sai da na ce subhanallahi. Ga tsoho nan sarai: farin gemu, tsagen kumatu, idanu a kumbure suna ruwa. Koren akwatin ya yi ƴan kai da kawowa ya zauna a kan idonsa na dama. Na ce a raina, zauna nan don girman Allah.

Anka kira matan ɗiyan nasa biyu, Haule ta Aliyo da Balki ta Isufu, don kowacce ta tsaya a madadin mijinta. Sunka shigo a sunkuye, sunka zauna can jikin bango wajen ƙafafunsa, ɗaya nan ɗaya can, kowacce ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wa gadon ƙeya. Da idona, tsibi biyu kawai nake gani. Na danna jan maɓallin naku.

Ya yi bisimilla, ya yi salati. Sai ya kama daga kakan kakansa. Yadda sunka sauko daga kan dutse, yadda a da ba su salla, wanda ya fara ɗaukar buta a gidan da abin da ƴan uwa sunka ce masa, rijiyar da anka haƙa ta rufta, wadda anka haƙa bayanta. Kun san tsoho ba ya shiga magana ta ƙofa, sai ya zagaya gari. A biki da na kashe in jira. Nan ba dama, an ce kada a yanka, kuma ban san numfashin da maganar za ta fito a cikinsa ba. Gumi na gangarowa cikin idona ba hannun sharewa. Yana kan labarin wata fara da ta cinye hatsi, alamar ruwan ɗorawa ta fito.

Na taɓa Rabe da ƙafa. Ya sunkuya ya ce, "Yaya, garka."

"Ina zuwa. Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

Jikin kamarar ya fara ƙona mini kunci. Na janye fuska kaɗan ina hura mata iska da gefen baki, kamar mai shayar da jinjiri kunu. A lokacin ne kuma na lura da wani abin da ya fi zafin tayar mini da hankali. Tun da ya iso kan ɗiyansa bai ambaci sunan kowa ba. "Yaron nan ya tahi." "Yaron nan ya aiko." Ku na yanzu kuna kiran ɗan fari da sunansa har ku ɗora shi a wuya ku shiga kasuwa. Su ba haka ba ne. Aliyo ɗan fari ne, ba ya faɗin sunansa. Isufu kuma sunan mahaifin tsohon ya ci, shi ma ba ya faɗa. Mutanen gida sun saba, suna ganewa daga inda ya nuna da haɓa. To wanda ke Libiya fa? Ni kuma na cika hoton da fuska, kamar yadda anka ce.

Alamar ta koma ja, tana ƙiftawa.

"To, ku ji," in ji tsohon. Muryarsa ta sauya, ta daidaita. "Garkar bakin rijiya ba tawa ba ce. Kada a sa ta cikin gado. Amana ce. Da gumin yaron nan anka saye ta, mijin waccan."

Ya ɗaga hannu ya miƙa cikin duhu.

Na juya kamara na bi hannun. Koren akwatin ya saki idon tsoho, ya yi tsalle ya kama wani kwanon sha da ke ƙyalli a kan bango, ya sake shi, ya dawo kan yatsa, ya koma. Hoton na shiga yana fita. Can inda yake nunawa ba komai sai hazo biyu. Hannun na rawa, na san ba zai daɗe a sama ba. Na sa babban yatsa na kashe akwatin. Ban tsaya dubawa ba. Daga gwiwata zuwa bangon nan kamar daga inda Ibro ke tsayar da ni zuwa rumbunsa ne, ragi kaɗan. Na murɗa.

Matan sunka fito. Hannun tsoho a gaba ya zama dishi-dishi, amma ana ganin inda ya dosa, a ƙarshensa kuma ga mace zaune tas, ɗayar na can gefe. Sai dai fuska a rufe.

Rabe ya yi raɗa, "Haule, buɗe huskarki."

Ta ƙara dunƙulewa. Suruka a gaban suruki, ko wuƙa ka sa mata ba za ta buɗe ba. Abin da ya rage mini shi ne abin da mayafin bai rufe ba: zanenta. Da idona baƙi ne kamar komai na ɗakin. A cikin kamara ruwan ɗorawa ne, da shuɗɗan tsuntsaye masu dogon wuya. Na ɗayar shuɗi ne mai duhu ba ado. Na riƙe numfashi na tsaya a kai har hannun ya faɗi a kan tabarma.

Na dawo kan fuskarsa, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, babban ko ƙaramin?"

"Mai hoto, ba an ce kana da ido ba? Na nuna." Ya haɗiyi yawu. "Shi kuma ɗayan..."

Wurin leƙawa ya yi baƙi.

Na ce, "Baba, dakata! Don Allah dakata, ta mutu!"

Ko bai ji ba, ko ya ji bai ga dalilin da zai jira ƙarfe ba. Ya ci gaba, ni kuma ina danna maɓalli ina fifita da hula.

"Shi kuma ɗayan, abin da ya aiko shi munka ci shekarar da hatsi bai yi ba. Ba don shi ba da gidan ga ya watse. Shi bai sayi ƙasa ba, mutane ya saya. Ku gaya mishi na yarda da shi duniya da lahira. Allah shi yi mishi albarka."

Na fita da gudu na tsoma hulata a randa na naɗe ta da ita, na sauya batir, na buɗe duk wata ƙofa da ke jikinta. Ta nuna jar alama ta sake mutuwa. Sanda ta ga dama ta tashi, tsoho ya juya wa ɗaki baya. Rabe ya roƙe shi ya maimaita. Ya ce, "Magana guda nike yi." Na zauna har la'asar, zazzaɓi ya zo. Na sake komawa Deule cikin makon da sassafe, kamara a sanyaye, na iske ba ya magana. Bai sake yi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da anka ɗauka yana nan bai lalace ba, na duba tun a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidan. Na aika wa ɗiyan ta waya. Nan kuma wani rauni da ba a gaya muku: hanyar waya matse bidiyo take yi, kuma duhu ta fi ci. Abin da ya fita daga hannuna tas ya isa Libiya kamar an dama laka. Isufu ya kira ni.

"Kai ne mai hoton? Mi ka aiko mini? Hayaƙi?"

"A wurina ana gani."

"A wurinka. Nawa Baba Rabe ya ba ka?"

Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce zai zo, kuma in ya iske hayaƙi ne, da ni da garkar da mai garkar duk sai mun haɗu gaban alƙali. Daga ranar, zaman lafiyar gidan mutane ya koma kan ɗan katin kamara mai riƙe bidiyon, wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Na kwafa a tsohon ordinatena, wato kwamfuta, wanda shi ma sai an buga masa gefe yake tashi. Katin na sa a gwangwanin shayi, na fasa na sa a aljihu, na fasa na mayar gwangwani. Duk aikin da anka kira ni a tsakanin ban sa shi a kamara ba. In anka ɗauke wuta ina cikin dubawa sai in yi ta salati har ta dawo.

Aliyo da Isufu sunka zo sadakar arba'in. Na aro babbar tele, na ɗaure ta a bayan moto da bargo, na bi duwatsun nan a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Anka tada gurup, anka rufe zaure. Ga liman, ga dattawa, ga Aliyo a gefe ɗaya ya sunkuyar da kai, ga Isufu a ɗaya gefen, dogo, bai ko amsa gaisuwata ba. Da fuskar tsohon ta fito wasu sunka yi salati. Wani dattijo ya ce, "Ashe haka ya rame. Mu da muka shiga kullum ba mu gani ba." Sunka zauna sunka sha labarin kakanni tun daga kan dutse, ba wanda ya yi tari. Ni ina kallon wayar wuta kada wani ya taka.

Hannu ya tashi. Hoto ya yi ta shiga yana fita. Na ji Isufu ya yi tsaki. Sai matan sunka fito, na tsayar.

Ya taso ya zo gaban tele har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Maida baya."

Na mayar. Ya sake kallo.

"Ba huska," wani ya ce daga baya.

"Ku yi mini shiru," in ji Isufu. Ya ɗora yatsa a kan tsuntsayen nan. Ya daɗe. Sannan ya juya wajen wansa, karo na farko tun da sunka shigo. "Zanen ga ni na ɗauko shi daga Abijan cikin jakata, shekarar da na zo wurinka kahin in tahi Libiya. Kai ka ba ni a tasha, ka ce in kai ma Haule." Ya sauke hannu. "Garka taka ce."

Liman ya ce alhamdu lillahi, dattawa sunka fara gyara zama za a shafa fatiha. Isufu ya ce, "Saki sauran." Na saki. Tsohon ya ce ba an ce kana da ido ba, wasu sunka yi murmushi. Ya ce, "Shi kuma ɗayan..." Tele ta yi baƙi.

"Ɗayan mi?"

Na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda na ji. Rabe ya ce wallahi haka anka yi.

"Balki ma ta hwaɗa mini a waya," ya ce. "Matata ce, lallashina takai. Kai kuma Baba, ka samu abin da kaka so, dole ka ba ni baki. Na ce ku nuna mini huskarshi shina faɗi." Ya dube ni. "Ina sauran?"

"Kamara ta yi zafi ta mutu."

"Ta iya ɗaukar abin da anka amshe mini, ba ta iya ɗaukar abin da anka ba ni ba?"

Gaskiyarsa ce. Haka ɗin ne. Ya sa takalmansa ya fita. Bai kai kowa kotu ba, bai sake tada maganar garka ba, bai kuma kwana uku a garin ba ya koma.

Bayan wannan, aiki ya ɗan dawo mini, har da na tsofaffi masu son barin magana. Yanzu in za ni irin wannan, da asuba nake tafiya, kamara cikin jiƙaƙƙen buhu, kuma ko za a yi faɗa sai na shiga da salula a aljihu tana ɗaukar murya. In zan ɗauki mata da dare ina kunna ƴar fitila, ba don kamara ba, don su. Ba wanda ya rubuta wannan a takardar da ke zuwa cikin kwali.

Isufu kuwa yana da lambata. Ranar Juma'a ba su aiki a can, wani lokaci bayan an sauko masallaci sai in ga kira daga Libiya. Ba ya doguwar gaisuwa.

"Mai hoto. Hwaɗi yadda ya ce."

In tashi daga cikinku in zagaya bayan shago in faɗa. Shekarar da hatsi bai yi ba. Bai sayi ƙasa ba, mutane ya saya. Duniya da lahira. Ina faɗa ina taka-tsantsan kamar mai tsallake rijiya, don rannan na ce "gidan nan" maimakon "gidan ga", ya tsayar da ni ya ce wancan karon ba haka na ce ba. In na gama ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "Ban yarda ba," ya kashe.

Jibi Juma'a. Wanda ke ganin danna maɓalli ne a cikinku, ya zo ya amsa kiran.